Tayar da Ke Kwana Cikin Bargo

Duk wanda ya san Kafaran Alkasum, wato kofur a soja, ya san farcen nan na babban yatsansa na dama. Ba ya yanke shi, sai dai ya gyara masa baki da wuƙa, har ya yi kauri kamar ƙahon ɗan akuya. Ba don ado ya tara shi ba, da shi yake gaisawa da taya. In mota ta tsaya a kasuwar Agadas, kafin ya ce wa shofer sannu da hanya sai ya durƙusa ya luma farcen cikin roba, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma, sannan ya miƙe ya yanke hukunci: "Wagga ta mutu, ita ce ba ta sani ba." Ko kuma: "Wagga da sauranta, amma kar ta yarda ta ga sanyi." Ko motar kumandan bai ƙyale ba. An taɓa tsare shi yini guda a bariki saboda haka, ya fito yana cewa shi dai gaskiya ya faɗa, ta bayan nan ta hagu ba za ta kai Damagaram ba. Ba ta kuwa kai ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Illa baduku, mai rumfar takalma a bakin kasuwa. Alkasum ɗan kawuna ne, taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai Bawana, ko bayan na aurar da ƴa. Kun sha jin labaransa a bakina kuna dariya har da hawaye. Abin da ba ku sani ba, kullum akwai wurin da nake tsallakewa. Ƙafar nan da ya yi shekara takwas yana ja, ni ne sanadinta, kuma har aka kai shi kushewa ban buɗe baki na gaya masa ba. Yau zan faɗa. Amma bari mu fara da dariyar, don da shi ne ke ba da labarin, da ita zai fara.

Da aka gama babban yaƙin Nasara, sojojinmu suka riƙa dawowa ɗai-ɗai, kowa da abin nunawa. Wani kwat mai maɓallan ƙarfe, wani agogo, wani keken ɗinki. Ranar da kamiyon Damagaram, babbar motar nan, ya kawo Alkasum, dangi muka yi cincirindo, matarsa Azara tana gaba, ta sha lalle, shekara huɗu tana jira. Sai ga mutum ya diro da tayar babur biyu rataye a wuya, da bargon soja a hammata. Muka leƙa bayansa ko akwati na biye. Babu.

Azara ta daure aka gama gaisuwa, sannan ta ce, "Kafaran, ina kayan?"

"Ga su ko."

"To ina babur ɗin?"

"Shina tahe."

"Yaushe?"

"Azara, wanda ya samu takalmi, tahiya ba ta yi mishi wuya."

Shekara guda da rabi tayoyin nan suna jiran babur, har gari ya sa masa suna Mai Linzami Ba Doki. Sai da bariki suka fitar da wani mataccen babur za a yar, ya je ya roƙa aka ba shi. Wata uku yana kwance shi yana ɗaurawa a zaure. Ran nan da hantsi muka ji unguwa ta ɗauki ƙara, awaki na haure katanga. Da babur ɗin nan ya samu aikin kai takardun biron kumandan, wato ofishinsa, kudu har Aderbissinat, arewa har cikin duwatsun Abzin.

Muka ce to, yau dai tayoyin nan ƴan Faransa za su taka ƙasa. Ashe da saura. Ya bar babur da tsofaffin tayoyin da aka ba shi da su, ya ce nasa biyun na sanyi ne, ba a wasa da su a rana. A can yaƙin aikinsa ke nan, kai saƙo a kan babur, cikin ƙasar da ruwa ke daskarewa a hanya, kuma can ya koyo karatun da ya dame mu da shi har ya mutu. Roba, in ji shi, iri biyu ce. Akwai mai tauri, mai jure rana da yashi mai zafi, amma da ta ji sanyi sai ta ƙage ta zama itace, ta bi kan dutse tana sulɓi. Akwai mai laushi, wadda rana ke cinyewa da wuri, amma da sanyi tana kama dutse kamar tafin ƙadangare. Muka ce wane sulɓi kuma a garin yashi? Ya ce ai ba ku taɓa gangara dutsen Timia da asuba a tsakiyar ɗari ba, inda ruwan lambu ke kwana a kan fa, wato falalen dutse, ya wayi gari ƙanƙara. Gaskiyarsa, ba mu taɓa ba.

Bargon sojan nan shi ne bargo na kirki guda ɗaya a gidan, amma ba ɗan Adam da ya taɓa lulluɓa da shi. Da bazara tayoyin suna naɗe a ciki, rataye a ƙuryar ɗaki inda rana ba ta leƙawa. Ba a kwance su sai ranar da ya kurɓi ruwan randa da asuba ya ji ya kama masa haƙori. Ranar sai ya cire na zafi ya ɗaura na sanyi, bargon kuma ya koma zaure yana rufe ƙafafun babur. Shi da matarsa sai zane da tabarma.

Azara ta taɓa kawo ƙararsa a gabana. "Illa, ka gani hwa. Mai jini na rawar ɗari, roba na kwana cikin bargo."

Ya ce, "Ke in kin ji sanyi kina hura wuta, kina yi min mita. Ita wa za ta gaya ma?"

Akwai wani shofer, Mamman Sani, da ya ji labarinsa tun daga Damagaram, ya ɗauko sabuwar tayar babur gal, baƙa wuluk tana sheƙi, haƙoranta zaƙo-zaƙo. Ya tabbata ya samu kasuwa. A tsakiyar sanyi ne, da la'asar, ya kawo ta gaban rumfata inda Alkasum ke zama. Alkasum ya shinshina ta, ya latsa, har ya ɗan gatsa gefenta da haƙori.

"Ba laihi," in ji shi. "A bar ta ta kwana bisa soro."

"Soro kuma? Kafaran, taya ce hwa, ba kilishi ba."

"Da rana kowace taya mutuniyar kirki ce. Taya da aboki, da sanyin asuba ake gane su."

Washegari tun kafin rana ta fito ya sa shofer ya hau soro ya sauko da ita. Ya luma farce, farce ya ƙi shiga. Ya ce ƙila jiya ba a yi sanyin kirki ba, kar a zalunce ta, a ƙara mata kwana. Kwana uku bawan Allahn nan yana hawa soron mutane da asuba, fasinjojinsa na zaginsa a tasha. A rana ta uku Alkasum ya danna iya ƙarfinsa har ya bar ɗan tabo a gefen robar, ya miƙa masa abarsa.

"Sabuwa ce hwa," in ji Mamman Sani.

"Sabuwa ce, kyakkyawa ce, amma ɗiyar zahi ce. Maida ta Damagaram ta yi aure can."

Ba ta samu miji ba. Babur biyu ne a garin duka, ɗayan na likitan Nasara ne, shi kuma daga ƙasarsu ake aiko masa. Haka ta yi ta yawo ɗaure a saman kamiyo, tana zuwa tana komawa.

Ko da ƴan Faransan a ƙafa, Alkasum ba ya tashi da sanyin safiya sai rana ta taɓa roba. Ya jingine babur yana fuskantar gabas, ya dafa shayi, yana juya ƙafar gaba kaɗan-kaɗan kamar mai gashin tsire. Sannan ya ɗauko famfo ya ƙara iska, don a cewarsa ita ma iska takurewa take yi da sanyi, tayar da ta kwana a ƙoshe sai ta tashi da yunwa. Wata safiya wani saurayin Nasara mai aikin biro ya zo a guje da takarda, yana ta "wit, wit", wato maza-maza. Alkasum ya karɓa, ya sara masa, ya sa takarda a jaka, ya koma kan shayinsa. Nasara ya yi ja har kunne, ya ce takardar kumandan ce, ba ta jira.

"Mushe," in ji Alkasum, yadda ake kiran Nasara da Faransanci, "takarda in ta hwaɗi, a kakkaɓe ta. Ni in na hwaɗi, sai a kwashe."

An ce da maganar ta kai kunnen kumandan dariya ya yi, ya ce a ƙyale shi, ai bai taɓa ɓatar da takarda ba.

A sanyi na uku haƙoran ta gaban suka fara cinyewa. Ya kawo ta rumfata ya ce in yi mata tsaga da wuƙar dukanci, ƙanana-ƙanana, don ta ƙara kama dutse. Uku a karkace, ɗaya a miƙe, uku a karkace, ɗaya a miƙe, har a zagayo. Ya tsaya a kaina kamar uwar jariri a gaban wanzami, yana ta "kar ka zurhwahwa, Bawana." Wuƙata ta shiga robar nan kamar cikin man shanu. A lokacin ne aka fara yayin takalmi mai ƙasan taya, wanda ƙaya ba ta hudawa, mu kuwa sai robar kamiyo muke samu, mai karya basilla. Tun ranar raina ya biya, ba zan ɓoye ba.

Kun san al'adarmu. A watan Cika-ciki, sa'ad da gari ke kaɗe-kaɗen bikin Biyanu, ɗan mace na da ikon shiga gidan ɗan namiji ya ɗauki abin da ya ga dama. Sharaɗi ɗaya ne, ya fito fili ya ce ni na ɗauka. Mai abu ya zo da goro ya fanshi kayansa, a yi zagin wasa, a watse. Ko abin ya salwanta a hannunka, muddin ka faɗa, goro ɗaya ya wanke magana, ba a riƙe taubashi a zuci. Tsofaffinmu kan ce abin da taubashi ya ɗauka ya faɗa wasa ne, wanda ya ɗauka ya yi shiru sata ce. Na sha ɗauke masa hular soja da butar shayi, yana zuwa yana fansa da ɓarin goro mafi ƙanƙanta a kasuwa, don Allah ya jiƙansa, hannunsa ba ya buɗewa da sauƙi.

A shekara ta biyar Cika-ciki ya faɗo ana saura kamar wata guda sanyi ya shigo. Alkasum ya tafi Aderbissinat da takardu. Na shiga gidan da rana tsaka, Azara na daka, na nufi ƙuryar ɗaki. Ta yi dariya ta ce, "Kwashe duka biyun ka bar min bargon." Na zaro ta gaban, mai tsagar hannuna. Wallahi niyyata in rataye ta a bakin rumfa kowa ya gani, ya dawo ya yi ta kumfar baki, in ce bana ɓari ba zai yi ba sai goro sukutum.

Sai ladanin unguwarmu ya zo neman takalmi mai ƙasan taya. Na dubi tayar a rataye, ta tsufa, ta yi furu-furu. Na ɗaga kai, ga kamiyon Mamman Sani a tsaye, ga ɗiyar zafi tana nan a ɗaure tana sheƙi. Na ce a raina tsohuwa ta tafi sabuwa ta zo, wa ya yi asara? Ina wurin aka ƙi ta, da idona na gani, amma na ɗauka duk taurin kan Alkasum ne da rowa. Shekara biyar muna yi wa karatunsa dariya, ni kuwa na fi kowa. Na ba shofer jakar fata mai ado, ya ba ni tayar yana sa mini albarka. Na dawo na sa wuƙa.

Takalman mutum uku ta ba ni, na ladan, na Musa ga-ruwa, da na wani mahauci. Sai da na ga zoben wayar gefenta kaɗai ya rage a hannuna sannan na gane abin da na aikata. Na lallaɓa na sa sabuwar cikin bargo, na ce wa Azara na maido, ba zan iya da masifar mijinta ba. Na ce in ya dawo zan gaya masa cikin raha. Ya dawo, na ce bari a gama Biyanu. Aka gama, na ce bari ya kwance ƙunshin da kansa. Kullum bakin ƙara nauyi yake.

Alkasum ƴa ɗaya Allah ya bar masa, Hadiza, tana aure a Timia wurin wani mai lambu. A makon da sanyi ya sauko da ƙarfinsa, wani mai raƙumi ya iso da albishir, ta haifi namiji, ɗan fari, yau kwana biyar. Raƙumi ba zai kai kafin suna ba, babur kaɗai zai kai. Na je barka na tarar Azara na ɗaki tana haɗa kayan jego, shi kuma ya fito da ƙunshi tsakar gida yana ƴar waƙarsa ta soja. Ya kwance bargo. Waƙar ta tsaya.

Ya ɗaga sabuwar, ya juya ta a hankali har ya kai kan ɗan tabon farcensa na bara.

"Na san wagga," ya ce. "Ashe ba ta yi aure ba."

Ya ɗago ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Bawana, bana ba ka ɗau komi ba?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma uku kawai ake nema. Amma na ga yadda hannunsa ke shafa wurin da tsohuwar ta saba kwanciya, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Ban ɗau komi ba, Kafaran. Ƙila aljannu suka ji tausayinka suka sabunta maka."

Bai yi dariya ba. Ya je ya duba ta zafin da ke gaban babur, rana ta gama da ita, duk ta yi faso. Ya latsa wannan, ya latsa waccan, ya ce, "To. Mai tauri ko ba komi ba ta hwashewa." Ya ɗaura ɗiyar zafi a gaba, ƴar Faransa a baya, ya yi azahar ya tafi.

Sauran na ji ne a bakin mutanen Timia. Ya yi wunin nan da na washegari yana tafiya, ya kwana kusa da garin, saura gangara ɗaya. Suna kuwa da sassafe ake raɗawa. Mutumin da ya sa takardar kumandan ta jira rana, ranar bai jira ba, don yana so a yi a kan idonsa. Masu lambu suka ji ƙara, suka ji shiru. Suka tarar da shi ƙarƙashin babur a gindin gangara, daidai inda ruwa ya kwana a kan fa, ƙashin ƙugu ya karye. Kafin a kai shi gidan ƴarsa an riga an yanka rago, an sa wa yaro Alkasum. An ce da ya farfaɗo bai tambayi ƙafarsa ba, cewa ya yi a kawo masa tayar gaba. Ya luma farce, ya dubi mutane ya ce, "Na hwaɗa."

Wata biyu yana jinya a can. Babur bai dawo ba, ƙarfen ƙafar babur ɗin ya zama abin jan guga a rijiyar surukin Alkasum. Shi kuwa a kan raƙumi aka maido shi, ƴar Faransa ɗaya rataye a wuya, bargo a hammata, kamar ranar da ya sauko daga kamiyo. Aiki ya tafi. Mutane suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni ma na ce, har na fi kowa ɗaga murya. Na riƙa gaya wa kaina ai shi ya karya dokarsa, ko da mai laushin ce ƙila da ya zame. Amma ni na riƙe robar nan a hannuna, na san abin da wuƙata ta ji.

Da ya fara fita da sanda, kullum kansa a ƙasa yake. Aka ce faɗuwa ta koya wa Kafaran tawali'u. Wane tawali'u, karatu yake yi. Wata safiya ina rumfa na hango shi ya tsaya a ƙofar masallaci yana kallon yashi. Uku a karkace, ɗaya a miƙe. Ya bi sawun nan da sandarsa har ya kai ga ladan.

"Malam, in ka hito kiran asuba, taka a hankali har ta ɗumama."

"Wa za ta ɗumama, Kafaran?"

"Ita ta sani."

Bayan kwana biyu ya tare Musa ga-ruwa a gaban rumfata, inda ba yadda za a yi in kasa ji. Ya ce, "Musa, tun da ka sa takalmin ga, ka taɓa zamewa bakin rijiya?" Musa ya ce wallahi ko sau ɗaya. Alkasum ya gyaɗa kai ya ce, "Ba za ka zame ba. Ɗiyar babban gida ce ka taka." Ni dai na sunkuya kan basillata kamar ban taɓa ganin ɗinki ba.

Da Cika-ciki ya zagayo, sai ga shi yana jan ƙafa, ya zauna a kan kujerar rumfata. Ya zaro goro daga aljihu, fari, babba, sukutum, shi da bai taɓa wuce ɓari ba. Ya riƙa juya shi a tafin hannu.

"Bawana, bana ba ka ɗau komi ba?"

"Ba komi, Kafaran."

Ya ɗan zauna, ya mayar da goronsa aljihu, ya tashi. Maƙwabtan rumfa suka bushe da dariya, suka ce rowar Kafaran ta kai inda ake nuna goro a koma da shi. Na taya su. Baɗi ya dawo, baɗin baɗaɗa ya dawo, tambayar nan dai, amsar nan dai. Ni a wautata na ɗauka azabtar da ni yake, har haushinsa na riƙa ji. Na gyara masa takalmi ba ya nema, na aika da nama ranar kasuwa, na yi masa matashin fata don ƙugun. Ba abin da ban ba shi ba sai kalma ukun nan. Sau takwas ya zo.

Cikin sanyi ya rasu, ana saura kaɗan Nasara su tafi. Ciwon ƙirji ne. Azara ta kwance bargon ta lulluɓe shi, ya buɗe ido ya ce a mayar wa mai shi, za ta ji sanyi. Ta ce yau kam sai dai ta ji. Sau biyu na je dubiya da maganar a bakina, ɗaki cike da mutane, na ce gobe. Goben a makabarta ta same ni.

Bayan Azara ta fita takaba ta aika a kira ni. Ta ajiye ƙunshin bargon a gabana ta ce, "Ya ce in ba Illa."

Na daɗe ban taɓa shi ba, don ban taɓa jin sunana ya fito daga wurinsa ba, ko a saƙo. Na kwance. Ga ƴar Faransa ta baya, har yanzu da laushinta. A tsakiyarta ga ƴar jakar fata, a ciki goro takwas, sun bushe sun zama kamar tsakuwa.

"Goron hwansa ne," in ji ta. "Ya ce kowace shekara shina kai maka, kai ka ƙi karɓa."

Na ce, "Azara, ashe ya sani."

"Tun ranar da aka maido shi na gaya mishi kai ka shiga ƙurya. Ya ce ya riga ni sani, in yi shiru, ba ni ce taubashinshi ba."

"To mi ya hana shi hwaɗi? Ya zage ni, ya tsine min, da na huta."

"Na tambaye shi haka nan. Ya ce shi ba ya da ikon hwaɗi. In shi ya hwaɗa, ya kama ɓarawo. In kai ka hwaɗa, ya samu taubashinshi."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi kukana, sannan ta tura tayar gabana da ƙafa ta ce saura saƙo ɗaya. Ya ce in yanka wa takwaransa takalmi da ita, in yi mata tsagar nan, kar in zurfafa, don Timia akwai sulɓi da asuba.

Na yanka. Ban taɓa yin takalmin da ya kai shi kyau ba. Goron suna nan a jakarsu ƙarƙashin matashina, ba na ci, ba na bayarwa. Da na sani ƙeya ce, ni kam tawa ta yi mini nauyi. Shi ya sa yau, a gabanku ku da kuka san shi, zan amsa tambayar da ya yi mini sau tara ina kaucewa.

Kafaran, ni na ɗauka.

Allah ya jiƙan Alkasum, ya ɗumama makwancinsa. Ranar da kowa zai taka siraɗi, Allah ya sa ƙafarsa ta kama, kar ta zame. Ni kuma Allah ya sa in tarar da shi a ƙetare, hannu a aljihu, yana jirana.